Tsofaffin ƙungiyoyin kiɗan rok: shin har yanzu suna iya riƙe dandamali?

Mai Garmaho:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai maganar da ta kwana biyu tana yi mini kai-komo a rai, na ga ya dace in kawo ta gabanku. Tun a shekarun 1970, lokacin da nake makarantar horon malamai, na fara sauraron faya-fayan Rolling Stones da The Who da Led Zeppelin a garmahon wani malaminmu, kuma a wancan lokaci babu wanda ya taɓa kawo wa ransa cewa waɗannan samari masu dogon gashi za su kai tsufa suna wannan sana'a. Jiya da dare jikana ya nuna mini bidiyon rangadin da Rolling Stones suka yi a Amurka a 2024, na ga mawaƙinsu Mick Jagger, wanda aka haifa a watan Yulin 1943, yana zarya daga wannan gefen dandamali zuwa wancan yana da shekara 80, alhali ni da ya girma da kusan shekara goma sai na dafa bango nake miƙewa daga tabarma. Abin da ya ƙara ba ni dariya shi ne ƙungiyar AARP, wadda ke kula da muradun tsofaffi da 'yan fansho a Amurka, ita ce ta ɗauki nauyin rangadin. Tambayata ita ce, shin abin da waɗannan dattawa suke yi a yau wasa ne mai inganci da zai iya tsayawa da ƙafafunsa, ko kuwa mutane suna biyan kuɗi ne kawai don su ga gwanayen ƙuruciyarsu da rai kafin ta Allah ta kasance?

Ɗan Agadas:
Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara girma. Da izininku zan faɗi ra'ayina ba tare da kwana-kwana ba: na biyun ne. Kiɗan rok an gina shi ne a kan zafin jini da tawayen ƙuruciya, shi ya sa a 1965 The Who suka yi waƙar da mawaƙinsu yake fatan mutuwa ta riske shi kafin tsufa. Waɗannan mutane sun yi rangadin bankwana a 1982, sannan a 2025 suka sake yin wani rangadin bankwanan, alhali mai gangarsu Keith Moon ya rasu tun 1978, mai jitar bes ɗinsu John Entwistle kuma ya rasu a 2002. Ƙungiyar Kiss ma ta yi bankwana a 2000, ta dawo, ta sake yin wani dogon bankwana da ya ƙare a New York a watan Disamban 2023. Lynyrd Skynyrd kuwa mutum na ƙarshe cikin waɗanda suka kafa ta, Gary Rossington, ya rasu a watan Maris na 2023, amma sunan ya ci gaba da yawo gari-gari ana sayar da tikiti. Ni da na tashi ina ganin masu jitar Agadas suna kiɗa a bukukuwa har gumi ya jiƙa rawani, kuma na ga yadda irin su Mdou Moctar da Bombino suke girgiza taro a yau, ba na jin zan yarda cewa ɗan shekara 80 zai ba ni wannan wutar.

Antin Manchester:
Ƙanena Ɗan Agadas, gani ya kori ji. Ina cikin taron da ya kalli Rolling Stones a Hyde Park da ke Landan a ƙarshen watan Yunin 2022, kuma na tafi ne da irin tunaninka, domin mijina ne ya matsa, ni kuwa na ɗauka za mu je kallon kayan tarihi ne. Kwanaki kaɗan kafin nan Jagger ya kamu da korona har aka ɗage wasansu na Amsterdam, sannan shekara uku kafin haka an yi masa aikin zuciya, an sauya masa ɗaya daga cikin ƙofofin da jini ke bi. Duk da haka mutumin nan ya yi kusan sa'a biyu yana waƙa yana tafiya yana rawa, muryarsa kuma ba ta shaƙe ba. Sun buɗe wasan da hotunan Charlie Watts, mai gangarsu da ya rasu a watan Agustan 2021, kuma na ga manya da furfura suna share hawaye kusa da yara 'yan shekara 20 da suka haddace kowane baiti.

Sai dai don kada in yi son kai, a shekarar da ta biyo baya mun je kallon wata tsohuwar ƙungiyar da ba zan ambaci sunanta ba, muka dawo da takaici. Mawaƙin ya kasa kai muryarsa inda waƙar take bukata, duk sa'ad da aka zo wurin da ya kamata ya ɗaga sai ya miƙa wa 'yan kallo makirufo su rera masa. Sau ɗaya ko sau biyu abin yana da daɗi, amma idan ya zama a kowace waƙa, to mu muka yi wasan, mu kuma muka biya. Saboda haka a wurina tambayar ba ta shekaru ba ce kawai, domin waɗanda suka ba ni kunya sun fi Jagger ƙuruciya da shekaru masu yawa.

Likitan Kunne da Maƙogwaro:
Abin da Anti ta gani yana da bayani a ilimin jiki. Murya tana fitowa ne daga wasu siraran naman maƙogwaro guda biyu da iska ke kaɗawa, kuma idan mutum ya manyanta sukan yi siriri, su rasa laushinsu, su daina haɗuwa sosai, guringuntsin da ke riƙe da su ya ƙara tauri, huhu kuma ya rage yawan iskar da yake iya turowa. Abin da yake fara ɓacewa shi ne sautin sama da dogon numfashi. To a nan ne rabon mawaƙa ya bambanta. Jagger bai gina sunansa a kan ƙwala murya can sama ba, salonsa yana tsaka-tsaki ne, rabi waƙa rabi magana, don haka tsufa bai ƙwace masa jarinsa ba. Wanda kuwa ya yi suna da ihu mai tsini yana ɗan shekara 25, ya ci bashin da maƙogwaronsa zai biya yana ɗan shekara 70.

Misalai suna nan a fili. Steven Tyler na Aerosmith ya samu karaya a maƙogwaro a watan Satumban 2023, rangadin bankwanansu bai yi nisa ba, kuma a watan Agustan 2024 ƙungiyar ta sanar cewa ta daina rangadi saboda muryarsa ba za ta koma yadda take ba. An yi wa Jon Bon Jovi aiki a maƙogwaro a 2022. Elton John kuwa tun a 1987 aka yi masa aikin da ya sa muryarsa ta yi kauri, amma ya rungumi sabuwar muryar ya ci gaba da rangadi da ita har 2023.

Akwai kuma kunne, wanda mutane ba su cika tunawa da shi ba. Mawaƙin da ba ya jin kansa ba zai iya daidaita muryarsa da kiɗa ba, ko da maƙogwaronsa lafiya lau yake. A 2016 likitoci suka gargaɗi Brian Johnson na AC/DC cewa idan bai dakata ba zai iya kurmancewa gaba ɗaya, sai Axl Rose ya ƙarasa musu rangadin. Bai koma dandamali da ƙungiyar ba sai a watan Oktoban 2023 a Kalifoniya, bayan an samar masa wata na'urar kunne ta musamman.

Injiniyan Sauti:
Likita ya kawo mu fagen da nake cin abinci, don haka bari in faɗi abin da ke faruwa a bayan dandamali. Dabara ta farko ita ce sauke waƙar gaba ɗayanta da rabin mataki ko mataki guda, a sassauta tsirkiyoyin jita, don mawaƙi ya samu sararin numfashi. Led Zeppelin sun yi haka a wasu waƙoƙinsu lokacin da suka sake haɗuwa a zauren O2 na Landan a ranar 10 ga Disamba, 2007, kuma mafi yawan waɗanda suka kalla ba su lura ba, har yau ana yabon wannan dare. Ta biyu ita ce tsara jerin waƙoƙi ta yadda mai wahala ba za ta biyo mai wahala ba. Anti za ta iya shaida cewa a tsakiyar wasan Rolling Stones mai jitarsu Keith Richards yakan karɓi makirufo ya rera waƙa biyu, a lokacin ne Jagger yake shiga ciki ya huta ya sauya riga. Ta uku ita ce tazarar kwanaki: a 2024 wasanni kusan 20 kawai suka yi a cikin kusan wata uku, alhali a ƙuruciyarsu sukan hau dandamali kusan kullum. Sai kuma ƙananan lasifikokin da ake cusawa a kunne don kowa ya ji kansa ba tare da an ƙure ƙara ba, da allon da ke nuna baitoci a ƙasan dandamali, da masu taya waƙa da masu busa da mai fiyano.

Duk waɗannan a wurina taimako ne na halal. Inda ake shiga gonar yaudara shi ne idan aka naɗi muryar babban mawaƙi tun a situdiyo, aka sake ta daga kwamfuta, shi kuma yana motsa baki. Wannan yana faruwa a masana'antar, kuma ba tsofaffi kaɗai ke yi ba, matasa ma suna yi.

Ɗan Agadas:
Yaya Injiniya, ai ka ƙarfafa hujjata ne ba ka sani ba. Idan sai an sauke waƙa, an kawo mutum uku su riƙe sautin sama, an rubuta baitoci a allo, an huta kwana uku ko huɗu tsakanin wasa da wasa, to mene ne ya rage na ainihin abin? Keken guragu yana kai mutum kasuwa, amma ba za a ce mai shi ya yi tsere ba.

Mai Garmaho:
Ɗana, a nan kam ban bi ka ba, ko da yake ni na buɗe maganar da shakka. Ka duba gida. Alhaji Mamman Shata bai taɓa tsayawa shi kaɗai ba, yana da masu kalangu da 'yan amshi, kuma duk wanda ya san waƙar Hausa ya san cewa lokacin da 'yan amshi suke karɓa, a lokacin ne jagora yake jan numfashi yana shirya baiti na gaba. Babu wanda ya taɓa kiran wannan yaudara, kuma ya yi ta waƙa har kusa da rasuwarsa a 1999, muryar ta ƙara kauri, mutane kuma ba su daina taruwa ba. Ɗan Maraya Jos shi ne ya zaɓi tsayawa daga shi sai kuntiginsa, wannan kuma wani salo ne dabam. Don haka samun masu taya waƙa ba aibi ba ne. Aibin da nake tsoro shi ne wanda Injiniya ya faɗa a ƙarshe, wato a sayar mini da tikitin wasan kai tsaye sannan a kunna mini kaset.

Mai Ganguna:
Gaisuwa ga manya. Kowa ya tsaya a kan murya, amma ni da nake buga ganguna a wata ƙaramar ƙungiya ina ganin makomar tsohuwar ƙungiya tana hannun wanda ke zaune a baya ne. An taɓa auna marigayi Clem Burke, mai gangar Blondie, a wani bincike da masana na jami'o'in Chichester da Gloucestershire suka yi, aka ga bugun zuciyarsa yana kaiwa 190 a minti ɗaya a tsakiyar wasa, kwatankwacin ɗan ƙwallon ƙafa a fili. Mai jita zai iya tsayawa wuri ɗaya ya yi abin mamaki da yatsunsa, mawaƙi zai iya sauke murya, amma mai ganga ba shi da mafaka, domin hannu biyu da ƙafa biyu suna aiki sa'a biyu cur, kuma idan ya yi sanyi kowa ya yi sanyi.

Shi ya sa idan ka lura, ƙungiyoyin da suka tsufa suka ci gaba da zafi galibi sun sauya mai ganga. Rolling Stones sun ɗauko Steve Jordan, wanda Charlie Watts ya girme shi da shekara 15 ko fiye. Led Zeppelin a 2007 ɗan mai gangarsu marigayi John Bonham, wato Jason, shi ya zauna a kujerar mahaifinsa. Phil Collins, wanda duniya ta fara saninsa a matsayin mai ganga, ya yi rangadin ƙarshe na Genesis yana zaune a kujera yana waƙa saboda matsalar baya da jijiyoyi, ɗansa Nic yana buga masa ganguna, har suka rufe a Landan a watan Maris na 2022. Nicko McBrain na Iron Maiden ya samu shanyewar ɓarin jiki a watan Janairun 2023, ya yi jinya ya koma aiki, amma a watan Disamban 2024 ya ajiye rangadi a São Paulo. Saboda haka idan Ɗan Agadas ya ji wuta a wasan dattawan nan, sau da yawa injin sabo ne aka sa a tsohuwar mota, kuma ni ban ga laifin hakan ba muddin ba a ɓoye ba.

Malamar Tarihi:
Ina so in koma kan maganar farko ta Ɗan Agadas, cewa rok kiɗan ƙuruciya ne, domin a can ne kuskuren yake. Rok ya fito ne daga kiɗan bulus na baƙaƙen fatar Amurka, kuma su kansu Rolling Stones daga wata waƙar Muddy Waters suka samo sunansu lokacin da suka kafu a Landan a 1962. Mutanen da samarin Ingila suke kwaikwayo a lokacin magidanta ne, ba yara ba, kuma a al'adar bulus furfura daraja ce. B.B. King ya yi shekarunsa na ƙarshe yana kiɗa a zaune, jitarsa a kan cinya, ya ci gaba har 2014, ya rasu a 2015 yana da shekara 89. Da tsohuwar zuma ake magani. Amma labarin nasa yana da kashi na biyu da ya kamata a faɗa: a watan Afrilun 2014 ya yi wani wasa a St. Louis da bai yi kyau ba, har wasu suka fice, kuma wakilansa suka fito suka ba da haƙuri suka danganta abin da rashin shan maganin ciwon sukari. Ke nan ko a inda ake girmama tsufa akwai ranar da jiki yake cewa ya isa.

Wanda ya fi burge ni a wannan fanni shi ne Robert Plant, mawaƙin Led Zeppelin. Bayan wasan 2007, wanda aka ce buƙatun tikitinsa sun kai miliyan 20, an so Led Zeppelin su yi rangadin duniya, kuma kowa ya san irin dukiyar da ke ciki, amma ya ƙi. Ya zaɓi ya yi waƙoƙi masu sanyi tare da mawaƙiyar Amurka Alison Krauss, waɗanda suka dace da muryar da yake da ita a yanzu. Tun kafin haka ma, a 2003, ya je bikin kiɗan hamada a Essakane kusa da Tumbuktu ya hau dandamali ɗaya da makaɗan Abzinawa, don haka Ɗan Agadas, mutumin ya san jitar yankinku. A ganina shi ya fahimci abin da wasu suka kasa fahimta, cewa idan kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, kuma dattijon da ya nace sai ya kwaikwayi kansa na shekara 25 shi ne yake zama abin tausayi.

Ɗan Agadas:
Malama, na karɓi wannan gyara game da asalin kiɗan, kuma gaskiya ne ina girmama Plant, amma ki lura cewa misalinki mafi ƙarfi shi ne mutumin da ya ƙi komawa tsohuwar ƙungiyarsa. To me za ku ce game da wasan ƙarshe na Black Sabbath? Mawaƙinsu Ozzy Osbourne a zaune ya yi shi, ba ya iya tafiya. Wannan wasa ne mai inganci ko taron ban kwana da mara lafiya?

Antin Manchester:
Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma ban samu zuwa ba, ta intanet na kalla kamar mutane da yawa. An yi shi ne a ranar 5 ga Yuli, 2025, a filin Villa Park da ke unguwar Aston a Birmingham, inda su huɗun suka taso, kuma karo na farko ke nan cikin shekara 20 da Ozzy da Tony Iommi da Geezer Butler da Bill Ward suka hau dandamali tare. Ozzy yana fama da cutar Parkinson mai sa karkarwar jiki, an fito da shi a kan wata baƙar karaga, ya rera waƙa biyar nasa na kansa, sannan huɗu tare da ƙungiyar. Muryar tana rawa a wasu wurare, wannan babu musu. Amma ba su yi ƙoƙarin ɓoye komai ba, ba su ɗauki sa'a biyu da suka san ba za su iya ba, sun yi daidai gwargwadon ƙarfinsu, kuɗin kuma aka ce na asibitin yara ne da gidan kula da yara marasa lafiya da masu yaƙi da cutar. Bayan kwana 17 Ozzy ya rasu yana da shekara 76. Idan ma'aunin inganci shi ne kowane sauti ya fito daidai da na faifai, to bai kai ba. Idan kuwa ma'aunin shi ne abin da ya wakana tsakanin mai waƙa da masu sauraro a wannan dare, ban san wasa nawa ne na matasa suka kai shi ba.

Injiniyan Sauti:
Tunda an ambaci Tony Iommi, mai jitar Black Sabbath, akwai abin da ya kamata Ɗan Agadas ya sani kafin ya sake kiran sauke tsirkiya keken guragu. Iommi yana ɗan shekara 17 injin masana'antar ƙarfe ya datse masa kan yatsu biyu na hannun da yake danna tsirkiya da shi. Ya ƙera wa kansa 'yan huluna na roba ya sa a yatsun, ya koma amfani da siraran tsirkiyoyi, daga baya kuma ya sassauta su don rage zafi, kuma wannan sassautawa tana cikin abin da ya ba Black Sabbath sautin nan mai nauyi da dubban ƙungiyoyi suka kwaikwaya. Wato tun yana saurayi kiɗansa ya ginu ne a kan lallaɓa jikin da ya samu rauni. Keith Richards ma yatsunsa sun kumbura da amosanin gaɓɓai, ana gani a kowane hoto, kuma a yau yana buga sautuka kaɗan ne ya bar sarari tsakaninsu, ɗayan mai jitarsu Ronnie Wood yana cike gurbin. Wani zai ce rauni ne, amma kunnena yana jin daɗin wannan sararin fiye da gudun yatsu marar ma'ana.

Malam Akanta:
Ku gafarce ni in shigo da maganar kuɗi, domin ita ce take sa mutum ya ji an cuce shi ko ba a cuce shi ba. Tunda cinikin faifai ya faɗi, rangadi ya zama babbar hanyar samu, kuma tsofaffin sunaye su ne suka fi jan kaya saboda masoyansu sun manyanta sun tara abin hannu. Rangadin bankwana na Elton John, daga 2018 zuwa 2023, ya tara sama da dala miliyan 900. A 2022 an yi ta ce-ce-ku-ce a Amurka lokacin da farashin wasu tikitocin Bruce Springsteen ya haura dala 4,000 saboda tsarin da ke ɗaga farashi gwargwadon rububin masu saye. Wanda ya biya irin wannan kuɗi yana da haƙƙin ya auna wasan da ma'auni mai tsauri, ba da tausayi ba. Kuma akwai kasadar da ba a faɗa: Springsteen, mutumin da ya taɓa yin sa'a huɗu da 'yan mintuna a Helsinki a 2012 yana da shekara 62, ya ɗage sauran wasanninsa na 2023 saboda gyambon ciki. Wanda ya sayi tikitin jirgi ya kama otal don dattijo ɗan shekara 75, ya sani cewa yana caca ne da lafiyar wani.

Likitan Kunne da Maƙogwaro:
Haka ne Malam Akanta, amma a ƙara da cewa Springsteen ya dawo a 2024 ya ci gaba da yin kusan sa'a uku a dare. Paul McCartney na tsohuwar ƙungiyar Beatles ma ya yi kusan sa'a uku a bikin Glastonbury a watan Yunin 2022, mako guda bayan ya cika shekara 80, ko da yake duk mai kunne ya ji cewa muryar ta yi siriri tana karkarwa a sama. Abin da nake gaya wa masu zuwa wurina da matsalar murya, malamai da masu wa'azi da mawaƙa, shi ne tsufa ba ya zuwa wa kowa a rana ɗaya. Gado yana da tasiri, haka ma taba da giya da rashin barci, haka kuma motsa jiki da horar da murya kullum. Mahaifin Jagger malamin motsa jiki ne, kuma ya rayu har ya haura shekara 90.

Mai Garmaho:
Na amfana ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Amma akwai abin da ya rage mini. Mu da muke nan gida ba ma ganin waɗannan wasanni sai ta waya, kuma bidiyon da jikana ya nuna mini na hukuma ne, an gyara shi an tace. Ta yaya mutum irina zai gane ko abin da yake ji shi ne abin da ya fito daga bakin mawaƙin a wannan dare?

Injiniyan Sauti:
Baba, ranka ya daɗe, kada ka dogara da bidiyon hukuma, domin ana iya gyara murya a situdiyo bayan wasa, kuma an daɗe ana yin haka tun zamanin faifai. Ka sa jikan naka ya nemo bidiyon da 'yan kallo suka ɗauka da wayoyinsu, na waƙa ɗaya amma a garuruwa biyu ko uku dabam-dabam, kuma ya zaɓi waƙar da aka yi can wajen ƙarshen wasa lokacin da gajiya ta shiga. Idan ka ji numfashi, ka ji wani wuri ya ja baiti a wannan gari ya gajarta shi a wancan, ka ji murya ta ragu sa'ad da ya kawar da baki daga makirufo, to shi ne yake waƙar. Idan kuwa dare uku sun fito iri ɗaya sak, har da inda aka ja numfashi, ka san akwai kwamfuta a cikin lamarin. Sai dai ka yi wa muryar uzuri kaɗan, saboda makirufon waya yana ƙwace kaurin sauti ya bar tsininsa, yakan sa gwani ma ya zama kamar yana kuka.

Ɗan Agadas:
Zan yi wannan gwaji da kaina a daren yau, Yaya Injiniya, kuma zan fara da wasannin AC/DC na Turai na 2024, tunda Brian Johnson yana da shekara 76 a lokacin kuma waƙoƙinsu ba su da wurin ɓuya. Baba, idan jikanku ya samo na Rolling Stones na Houston da na Chicago, a turo mana nan mu saurara tare.